Ruwan Zafi a Watan Bakwai

Tankin yana lilo a bakin igiya, ya kai hawa na biyar, sai iska ta juyo da shi ya daki ƙarfen tagar Iya Mui. Kaskon da ta dasa albasa a ciki ya tuntsura, ya tafi can ƙasa ya tarwatse a kan rumfar babura.

Ta leƙo ta tsakanin ƙarafan. "Ku da ke sama, in a ɗakina kuke so ku ajiye shi, ku faɗa mini in buɗe muku ƙofa."

Masu aikin suna kan rufi, sun tuɓe riguna, suna ja suna nishi. Tankin ya ci gaba da hawa, fari ƙal, ya fi akwatin gawa tsawo, har ya ɓace a saman kanta. Can ta ji an dire shi, dim. Garin siminti ya zubo daga silin ya sauka a tukunyar shinkafar da ta buɗe.

Ta ɗauki tukunyar yadda take ta fita baranda. Maƙwabcinta Baba Khiem yana zaune a bakin ƙofarsa da butar shayi da ƙananan kofuna, yana jiran masu aikin su sauko ya ba su. Tsohon mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa, ya haura saba'in, siriri kamar sillen kara. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata tun suna da ƙuruciya, lokacin da masaƙa ta raba wa ma'aikatanta ɗakuna a benen nan. Marigayiya matarsa, Sau, ita da Iya Mui a layi ɗaya suka yi aikin zare har suka tsufa.

Ta kai masa tukunyar ƙarƙashin hanci. Ya leƙa, ya ce an ƙara mata gishiri kyauta amma tana faɗa. Lasifikar unguwa yake kiranta, wai ita ma ba a kashe ta, ba a rage mata murya. Ta ce ya ci gaba da wangale baki, in rufin ya sauko zai samu wurin shiga.

Maganar tankunan nan Tuyen ne ya kawo ta. Shi ne shugaban mazauna benenmu, yana hawan ƙasa, ya fasa bangon ɗakinsa na gaba ya mayar da shi shagon hular kwano. Ya tara mutane ya ce sanyin Hanoi ba ya raga wa tsoho, kuɗin wuta kullum hawa yake, ga rana tana dukan rufi a banza. A jera bututan gilashi a sama, rana ta dafa ruwa, ya taru a tanki, kowa ya murɗa famfo a ɗakinsa ya yi wanka. Kowa ya ɗaga hannu. Iya Mui kaɗai ta ce rufin nan ya girmi Tuyen, kuma tun ba a ɗora masa komai ba yake zubar da ƙasa. Aka yi dariya, aka ce ta zauna.

Da masu aikin suka zo suka taka rufin, babbansu ya ce sai an shimfiɗa dogayen ƙarafa daga bango zuwa bango, tankunan su zauna a kansu, kada nauyin ya sauka a tsakiyar kankare. Ƙarafan kuwa sai mako mai zuwa za su iso, mako mai zuwa kuma watan bakwai ya kama. A watan bakwai ake buɗe wa matattu ƙofa su fito, masu gida su nufi gida, marasa kowa su bi titi da yunwa. Ba a aure a cikinsa, ba a tarewa, ba a sayen sabon babur, ba a taɓa gini. Ko yaron goye ya san wannan, Iya Mui ma ba ta musa ba. Cewa ta yi a bar aikin gaba ɗaya sai watan takwas. Tuyen ya ce an riga an duba rana, mai duba ya ba da yau, kuma kaya ba za su yi wata guda a tsakar gida ɓarayi su kwashe ba. A ɗora su a kan bulo yanzu, in watan takwas ya kama a zura ƙarafan. Babban masu aikin ya sosa ƙeya, ya dubi Tuyen, ya ce to, wata ɗaya dai ba komai.

Kafin rana ta faɗi an cika su da ruwa. Mafi yawansu a gefen kudu aka jera su, inda rana ta fi zama, wato a saman ɗakin Baba Khiem. Sauran a saman nata.

Shi kuwa tsohon murna yake. Shekarun da Sau ta yi a kwance kafin ta rasu, shi yake dafa ruwa buta bayan buta yana yi mata wanka, har yatsunsa suka yi kanta. Washegarin cika tankunan ya ƙwala wa Iya Mui kira ta zo ta gani. Ya murɗa famfo, tururi ya tashi, ya sa hannu ya janye yana dariya kamar yaro. Ya ce da Sau ta ga wannan da ta yi wanka sau uku a rana. Iya Mui ba famfon take kallo ba. Silin take kallo.

Watan bakwai ya shigo da ruwa, yau a yi, gobe rana ta ƙwalle, jibi a sake yi. Da ƙara abin ya fara. Duk sanda wani a ƙasa ya yi wanka, tankunan suka sake cika, sai silin ya yi ƙas, kamar an karya tsinke. Iya Mui ta daina kunna rediyo don ta riƙa ji. Ta koma cin abinci a tsaye a bakin ƙofa, takalmanta a ƙafa. In ta kwanta sai ta ji kamar tankunan a ƙirjinta aka dire su.

Tsagar a ɗakin Baba Khiem ta fara bayyana. Ta taso daga kusurwar da ke saman durowar kaya, ta ratsa tsakiyar ɗaki, ta nufi saman teburin magabata, inda hoton Sau yake tsakanin kaskon turare da farantin ayaba. Da farko kamar silin gashi take. Ba a jima ba ta fara tsatsafo da ruwa mai launin tsatsa, sannan wani ɓangare na filasta ya ɓalle, rodi ya leƙo, ja, ya rududduge kamar tsohon ƙusa. Iya Mui ta tara hannu a ƙarƙashin ɗigon ta ji shi da ɗumi. Baba Khiem ya tura roba ƙarƙashi da ƙafa, ya ce shi yanzu ya fi kowa a benen, ko famfo ba sai ya murɗa ba.

Ta sauka wurin Tuyen. Ta same shi a kujerar roba a ƙofar shago yana latsa waya. Ya miƙe ya ba ta kujerar, don ba ya rasa ladabi, ladabin ne kawai yake da shi. Ta ƙi zama. Ta ce ya ba ta makullin ƙofar rufi, ko ya hau da kansa ya zubar da ruwan tankunan.

"Goggo, watan takwas saura kaɗan," ya ce.

"Rufin ya san watan takwas?"

Ya ce ta yi haƙuri ta fahimta. Ruwan ne yake danne tankunan. In aka zubar, guguwar da ake ta faɗa a rediyo ta zo, sai ta ɗauke su ta jefa a kan 'ya'yan mutane, sannan wa za a kama? Shi za a kama. Ya ce tsaga kuwa kowane ɗaki a benen nan yana da tasa, ya nuna mata wata a bangon shagonsa.

"Kai hawa huɗu ne a kanka kafin su iso gare ka," ta ce. "Ni da tsohon can, tafin hannu ɗaya na siminti ne."

Ya ce zai duba. Makullin yana rataye a ɗamararsa, tana ganinsa.

Ta je ofishin unguwa da ƙafarta. Wata yarinya mai farar riga ta saurare ta da kunne ɗaya, ta ce za a turo mai dubawa bayan tsakiyar wata. Iya Mui ta sa aka kira mata masu aikin a waya, aka ce duk sun tafi garuruwansu yi wa iyayensu sadaka, kuma ko suna nan ba mai hawa rufi a wannan wata. Ta dawo ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya tana roƙo a daina murɗa famfon zafi, ko nauyin zai daina motsi. Kowa ya ce to, Goggo, kowa ya ba ta shayi. Kafin ta kai hawa na biyar ta ji bututu yana gurnani a cikin bango. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa nasu ɗakunan a bushe suke.

Sai ta juya kan tsohon. Ta ce ya tattara ya koma wurin 'yarsa Diep a hayin kogi, in wata ya mutu ya dawo. Ta sa aka kira Diep, ta zo a kan babur da ledar lemo. Da ta ɗaga kai ta ga silin, ledar ta suɓuce mata. Ta ce, Baba, tashi mu tafi. Amma muryarta ba ƙarfi, don uwar mijinta ta riga ta faɗa mata ba a shigo da mutum da kayansa gida a watan bakwai, ba a san me zai biyo shi ba. Iya Mui ta ce to ya tafi ba kaya, da rigar jikinsa. Baba Khiem ya bar su suka gama, sannan ya zuba shayi.

"A watan nan Sau take zuwa," ya ce. "Nan ta sani. In ta hawo benen nan da ciwon ƙafarta ta tarar da ɗaki a kulle, ba turare, ba shinkafa, ina za ta? Sai ta bi 'yan titi tana warwason kunu. Matata?"

"To ka ɗauki hoton ka tafi da shi."

"A watan bakwai? Ke da bakinki? Ke za ki ɗaga teburin marigayi mijinki a watan nan?"

Ta san ba za ta ɗaga ba. Nata teburin ma yana nan inda yake, ƙarƙashin nata silin.

Abin da ya yarda da shi kawai, aka ja gadonsa zuwa bakin ƙofa. Iya Mui ta kawo gorar da take rataya kwandunan talla a da, suka tokare silin da ita, suka cusa katako a ƙasa. Diep ta tafi tana share ido, ta ce ranar ɗaya ga watan takwas da sassafe za ta zo da mota.

Da yamma Iya Mui ta kawo masa miyar ganye. Ta same shi zaune a gefen gado, bai kunna fitila ba, ya ɗaga kai yana kallon gorar. Gorar ta ɗan lanƙwashe. Ba wasa a fuskarsa.

"Ina ji, Mui," ya ce. "Kunnena bai mutu ba. Duk ƙarar da ya yi ina ji."

Ta ajiye kwanon. Silin ya yi ƙas. Su biyun suka dubi juna, ba wanda ya motsa, har bututun ya gama gurnaninsa.

Ranar tsakiyar wata an kwana ana ruwa, da hantsi rana ta fito da ƙarfinta. Ranar babbar sadaka ce, kowa ya yi wanka, kowa ya yi wa 'ya'yansa, bututu bai huta ba tun safe. Da rana ta yi sanyi mutanen benen suka sauka tsakar gida. An shimfiɗa tabarmi, an jera ƙananan kwanoni na kunun shinkafa da gishiri da gugguru da dafaffen dankali saboda matattun da ba su da kowa. An hura wuta a rabin duro, ana ƙona kuɗin takarda da rigunan takarda. Iya Mui ta sayo wa mijinta takalma da hula na takarda, Baba Khiem ya ba ta rigar sanyi ta takarda ta riƙe masa, ta Sau ce.

Ta tsaya a ƙofarsa ta ce ya taso su sauka. Yana tsaye gaban teburin, ya sa farar rigarsa ta aiki mai aljihu biyu, ya jera shinkafa da dafaffiyar kaza da kofin ruwa. Ya ce turaren bai cinye ba, ba a barin baƙo yana cin abinci a fita. Ta ce ya tsaya daga bakin ƙofa ya jira, ai daga nan ma Sau tana ganinsa. Ya ce ta tafi, lasifika, yana bayanta.

Ta sauka tana juyowa. A ƙasa hayaƙi ya cika wuri, yara suna jiran a gama su yi warwason gugguru. Ta jefa takalman a wuta, ta kira sunan mijinta. Tana riƙe da rigar Sau, tana ɗaga kai tana duban barandar hawa na biyar.

Ƙarar ba ta yi ƙarfin da take zato ba. Kamar an sauke buhu ne daga kan mota, sai kuma ƙarar gilashi mai yawa yana zubewa. Tsuntsaye suka tashi daga kan wayoyi. Wani ya ce taya ce ta fashe a titi. Sai ga tururi yana fitowa ta tagar Baba Khiem, fari, a hankali.

Ba ta san yadda ta hau benen ba. A hawa na huɗu ta haɗu da ruwa yana gangarowa a matakala, mai ɗumi, mai laka, ya shiga takalmanta. Ƙofarsa a buɗe take. Inda silin yake, sama ce, da gajimare. Tanki ɗaya ya zuro rabin jikinsa ta ramin, ya rataye a jikin bututu, yana ta amai da ruwa. Fasassun gilasai ko'ina. Gorarta ta tsage gida biyu.

Yana kwance a gaban teburin, falon kankare ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Idonsa biyu. Farar rigar ta manne a jikinsa, fatar wuyansa da hannunsa ta yi ja ta kumbura. Ta durƙusa a cikin gilasan, ta kama kankaren ta ja, ko gezau. Tankin da ke saman kanta ya motsa, bututun ya yi kuka. Duk jikinta ya ce ta fita. Ta ɗago kansa daga cikin ruwan ta ɗora a cinyarta.

"Hoton fa?" ya ce.

Ta duba. Yana nan a bango, ya karkace, ƙura ta rufe shi. Ta ce lafiyarsa ƙalau.

"To ki fita, Mui. Zai sauko."

Ta ce ya rufe mata baki.

Maza suka iso da ƙarafa da katako. Sun daɗe a bakin ƙofa suna kallon tankin kafin na farko ya yi ƙarfin hali ya shigo. Suka ɗaga kankaren, suka ciro ƙyauren banɗaki suka ɗora shi a kai. Matakalarmu ƙunci gare ta, a kowace kwana sai an karkata ƙyauren, duk karkatawa sai ya yi wani ƙaramin nishi. Iya Mui tana biye, tana riƙe da ƙafarsa don kada ya zame. A hawa na uku suka ajiye shi su sake riƙo. Ta sunkuya ta ce masa saura kaɗan. Bai amsa ba. Ta sa kunci a bakinsa, ba iska. Daga ƙasa ana jin kukan motar asibiti tana neman hanya a cikin babura.

Tun kafin a kai shi ɗakin gawa maganar ta fara yawo a benen. Wai watan ne. Wai ranar da ƙofa ta fi buɗewa ce, shi kuma ya tsaya shi kaɗai a ɗaki yana kiran matacciya, ta zo ta tafi da abinta. Wata ma cewa ta yi soyayya ce, abin sha'awa. Mutanen ofis suka zo suka ɗaure igiya a ƙofar ɗakin, suka ɗauki hoto, suka ce kada kowa ya taɓa komai a rufin sai an yi bincike, bincike kuma sai wata ya mutu. Tuyen ya kawo fure mafi girma a wurin jana'iza, ya sunkuya sau uku, ya riƙe hannun Diep ya ce ƙaddara ba ta da magani. Har yau ɗin nan ba wanda ya buɗe baki a gaban hukuma ya ce bulo aka sa a madadin ƙarfe, ba wanda aka tambaya wa ya ce a sa.

Tankin da ya faɗo ɗaya ne. Sauran suna nan cike, na gefen kudu da na saman ɗakin Iya Mui. Ranar da aka dawo daga binnewa ta shiga ɗakinta ta ɗaga kai. Tsagar ta ƙetaro bango. Ta fito daga gefen ɗakin tsohon, ta yi kamu ɗaya a cikin nata silin, bakinta a jiƙe.

Ta tsaya tana kallonta. Sannan ta fita ta sami Diep a baranda tana ƙulle kayan ubanta, ta ce ta ba ta ƙyalle ɗaya daga fararen ƙyallen makoki. Diep ta ce, Goggo, ai na dangi ne. Ta ce wanda kansa ya kwanta a cinyarta, ba mai gaya mata dangi.

Washegari Tuyen ya ɗaga ƙofar shagonsa ya tarar da ita zaune a tsakiyar dokin ƙofa, ta ɗaura farin ƙyallen a goshi, jelarsa ta sauka a bayanta. Mai makoki ba ya shiga gidan mutane, balle wurin ciniki, balle da safe kafin a yi cinikin fari, balle a watan bakwai. Fuskar Tuyen ta yi fari. Ya ce, Goggo, don girman iyayenki ki matsa gefe. Ba ta dube shi ba. Wani saurayi ya tsayar da babur zai sayi hula, ya ga ƙyallen, ya tada babur ɗinsa. Wata mata ta zo da ɗanta, ta ja hannunsa suka tsallaka titi. Matar Tuyen ta fito ta ƙona takarda tana kaɗa hayaƙin a bakin shago don korar baƙin jini. Hayaƙin ya shiga idon Iya Mui, ta bar hawayen ya zuba, ba ta goge ba. Maƙwabta suka cika baranda suna leƙe. Wani ya ce tsohuwar nan ba ta tsoron komai. Ƙarya ne. Tsoro ne ya zaunar da ita a nan, don nan ne kaɗai wurin da ba tanki a kanta.

Da rana ta take, Tuyen ya tsuguna a gabanta, ya rage murya. Ya ce hukuma ta ce kada a taɓa.

"Hukuma a ɗakina take kwana?" ta ce. "Yau ina nan, gobe ina nan. In silin ya kashe ni, Diep ta san a ƙofar nan za ta ajiye gawata."

Ya dubi shagonsa, ya dubi baranda. Ya kwance makullin daga ɗamara ya miƙa mata. Ta ƙi karɓa. Ta ce shi ya sa aka hau da su, shi zai wuce gaba.

Suka hau. Ƙofar rufin ta yi tsatsa, sai da ya sa kafaɗa. Ba ta taɓa hawa nan ba tun da aka kawo tankunan. Ga su a jere suna ƙyalli, bututan gilashin baƙaƙe kamar haƙarƙarin wata dabba, zafi yana tashi daga jikinsu. Bulon da ke ƙarƙashin wasu ya nutse cikin rufin, ruwan sama ya taru a kewayensa. Can gefe ga ramin. Tuyen ya hango shi ya tsaya cak, ya dafa bango. Ta nan ana ganin daɓen ɗakin tsohon, da inda kankaren ya kwanta.

"Na ɗauka zai kai," ya ce, ba ita yake kallo ba. "Wata ɗaya ne kawai."

Ta ce ya ajiye wannan ya faɗa wa masu bincike, yanzu ya nuna mata inda ake buɗewa.

Suka bi gefen bango suna takawa kamar masu tafiya a kan ƙwai. Duk taku sai ta ji rufin ya amsa a ƙarƙashin ƙafarta. Ya rufe babban famfon da ke kawo ruwa sama, ya bi tankunan yana kwance bakin bututun ƙasa. Ruwa ya ɓarke, tafasasshe, yana huci, ya bi magudana ya nufi indararo. Ta sa shi ya nemo igiya ya ɗaure kowanne a jikin ƙarfen gefen rufi saboda guguwar tasa. Ƙullin yana kwancewa, ta ce ya sake. Da ya gama ya sauka.

Ita ta zauna a kan katangar gefen rufin, inda bango yake ƙarƙashinta. Ta jira har hucin ya ragu, har tankunan suka koma ɗigo. Iska tana kaɗa jelar ƙyallen a bayanta. Ta leƙa ƙasa. Ruwan yana saukowa ta indararo, hawa biyar, yana zuba a tsakar gida da tururinsa. Matan benen sun fito da robobi da bokitai sun yi layi suna tara, kada ya tafi a banza. Wata har ta zauna ta fara wanki.